Abin da Ke Sa Jariri Ya Riƙa Jan Kunnensa

Sau da yawa uwa takan ga jaririnta yana kai hannu ga kunnensa, ya ja, ya murza, wani lokaci har ya yage fatar da farce. Waɗansu iyaye sukan tsorata nan da nan, waɗansu kuwa sukan ce ai haƙori ne, su ƙyale. Ya kamata kowace uwa da kowane maigida su san yadda ake rarrabe jan kunnen da ba shi da lahani da wanda ke nuna ciwo, domin ciwon kunne da aka yi sakaci da shi yana iya raunana jin yaro, yaron da ba ya ji sosai kuwa yakan yi jinkirin magana, ya kuma sha wahala in an sa shi makaranta.

Mafi yawan lokaci abin ba ciwo ba ne. Daga wajen wata 4 zuwa shekara guda jariri yana koyon sassan jikinsa. Kamar yadda yake kama yatsun ƙafarsa ya kai baki, haka nan in hannunsa ya faɗa kan kunne sai ya mai da shi abin wasa. Waɗansu kuma sukan yi haka in barci ya kama su. Muddin yaro yana shan nono sosai, yana wasa, jikinsa ba zafi, to, babu abin damuwa, zai bari da kansa.

Fitowar haƙori ma takan jawo haka. Haƙoran fari sukan fara ɓullowa a wajen wata 6, kuma da yake jijiyoyin muƙamuƙi da na kunne suna da haɗi, zafin dasashi yakan kai ga kunne. Amma a nan akwai kuskuren da ya zama ruwan dare a gidajenmu, wato ɗora wa haƙori kowane irin zazzaɓi da zawo. Haƙori yakan sa dalalar miyau da ƙyuya da son cizon abu, ba ya kawo zazzaɓi mai zafi. In jikin yaro ya yi zafi ƙwarai, a nemi dalilin a asibiti, domin yana iya zama zazzaɓin cizon sauro ko ciwon kunne.

Akwai kuma ƙaiƙayi, daga ƙurajen zufa, ko bushewar fata lokacin hunturu, ko sabulun da ba a ɗauraye ba a bayan kunne. Yaron da ya fara rarrafe kuwa yana iya tura ƙwayar wake ko masara ko ɗan dutsen ado a kunnensa. Kada a yi ƙoƙarin ciro shi a gida, don sau da yawa ƙara tura shi ciki ake yi.

Wanda ya fi bukatar kulawa shi ne ciwon cikin kunne. A bayan dodon kunne akwai wani ɗan ɗaki mai iska, akwai kuma wata siririyar hanya da ta haɗa shi da bayan hanci. A jikin babba hanyar nan tana da tsawo, kuma ta gangaro ƙasa, saboda haka ruwa ba ya taruwa. A jikin jariri kuwa gajera ce, kusan a kwance take. In mura ta kama shi sai hanyar ta kumbura ta toshe, ƙwayoyin cuta su hau daga hanci, ruwa ko mugunya ta taru tana danna dodon kunne. Wannan shi ya sa ciwon ya fi yawa tsakanin wata 6 da shekara 2, kuma yakan biyo bayan mura da 'yan kwanaki. Yaron yakan yi zazzaɓi, ya yi kukan da rarrashi ba ya tsai da shi, musamman da dare in an kwantar da shi, ya kama nono ya saki domin tsotso da haɗiya suna ƙara masa zafi. Wani lokaci sai a ga kukan ya lafa farat ɗaya, ruwa ko mugunya na fita daga kunnen. Uwa takan ɗauka sauƙi ya samu, alhali dodon kunnen ne ya huje. Hujin yakan warke in an kula, amma in kunne ya kai kwana 14 yana zubar da ruwa, ciwon ya zama mai daɗewa, shi ne kuma ke ɓata ji.

Ba a iya gane wannan ciwo daga waje. Sai likita ko ma'aikacin lafiya ya haska cikin kunnen da 'yar fitilar da aka yi domin haka. Shi ne zai faɗi ko yaro yana bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin da yawa daga irin wannan ciwo sukan lafa cikin kwana 2 ko 3, waɗansu kuwa dole sai da magani, musamman ga ƙananan jarirai. In an ba da magani a shanye shi yadda aka tsara. Don rage zafi ana ba da farasitamol na yara gwargwadon nauyinsu. Ba a ba yara asfirin.

A garzaya asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba in jariri bai kai wata 3 ba kuma zafin jikinsa ya kai digiri 38, ko bayan kunne ya kumbura yana ciwo, ko yaro ya ƙi shan nono sam, ko yana farfaɗiya, ko wuyansa ya sanƙare, ko maɗigarsa ta kumbura. Ciwon kunne yana iya ratsawa zuwa ƙashin bayan kunne, har ya kai ga sanƙarau.

Kada a ɗiga nono, ko man ja, ko ruwan ganye a kunnen yaro. Kada a sa tsinke, ko ashana, ko gashin kaza, ko tsinken auduga na kanti. Dauɗar kunne tana da amfani, tana tare ƙura, kuma tana fitowa da kanta; ta bakin kunne kawai za a share da tsumma mai tsabta. In kunne yana zubar da ruwa, ma'aikacin lafiya zai nuna yadda ake murɗe kyalle mai tsabta a tsane ruwan sau 3 a rana.

Wajen rigakafi, nonon uwa zalla har wata 6 yana rage ciwon kunne. Kada a ba jariri madara a kwalba yana kwance. A nisanta shi da hayaƙin taba da na itacen girki. A shekarar 2012 Nijeriya ta fara ba da allurar rigakafi mai haɗe da magunguna biyar, a 2014 kuma ta fara ba da ta ciwon huhu, dukansu suna kariya daga waɗansu ƙwayoyin da ke shiga kunne. Allurar ƙyanda, wadda ake yi a wata 9, ita ma tana da muhimmanci, domin ƙyanda takan bar yara da ciwon kunne. Ana yin waɗannan allurai kyauta a asibitocin gwamnati, sai uwa ta riƙa zuwa da katin yaro a ranakun da aka rubuta mata.