Ofishin Kwamfuta a Maiduguri: Yi Wannan, Bar Wancan

Gargaɗin nan naka ne, kai mai riƙe da ma'aikata a harkar kwamfuta a Maiduguri, ko kamfanin haɗa manhaja gare ka, ko sashen tattara bayanai na ƙungiyar agaji, ko shagon gyaran waya a kasuwar Jagwal. A ƙarƙashin rufinka akwai Kanuri da Shuwa, Babur da Marghi, Bahaushe da ɗan Gwoza, mai zuwa masallaci da mai zuwa coci. Daga 2009 zuwa yau, da wuya ka samu wanda bai binne nasa ba a cikinsu.

Kada ka kwaso dokar Amurka ka manna a bango. A 2017 Google ya kori injiniya James Damore kan takardar da ya danganta ƙarancin mata a fannin da bambancin halitta. A 2021 Basecamp ya hana hirar siyasa a dandalin aiki, kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikata suka ajiye aiki. Su suna da wurin zuwa. Naka ba su da shi. Za su ce maka "to, Oga", sannan gardamar ta koma wani zauren WhatsApp da ba a saka ka ba.

Ka san inda wutar take. Musun jam'iyya da sauƙi. Tun 1999 PDP ba ta taɓa mulkin Borno ba, yawancinsa raha ce. Maganar tubabbu ita ce mai ƙuna. Bayan mutuwar Shekau a Mayun 2021, dubban mayaƙa da iyalansu sun miƙa wuya, gwamnati ta karɓe su. Wani a ofishinka zai ce babu wata hanyar zaman lafiya sai wannan. Na kusa da shi kuwa a Bama aka kashe mahaifinsa, kuma yana iya cin karo da wanda ya yi a layin famfo. Kada ka bari a kira na farkon ɗan koren 'yan ta'adda, ko na biyun mai ƙeƙasasshiyar zuciya. Kada kai ma ka yanke hukunci da bakin mai biyan albashi, domin ranar kowa zai goyi bayanka, kuma ƙarya suke yi. In kwangilar shigar da sunayen tubabbu a rumbun bayanai ta zo, ka tambayi mutum a keɓe kafin ka ɗora masa. In ya ce ba zai iya ba, ba shi wani aikin, kar ka rubuta masa laifi.

Kada a tambayi kowa wa ya zaɓa. A 2023, da Kashim Shettima ya tsaya tare da Tinubu, gari ya yi murnar ɗan gida. Abokiyar aikinku 'yar Chibok da tikitin Musulmi biyu bai kwanta mata ba ta yi shiru ne kawai. Shirun marar rinjaye ba amincewa ba ne.

Kada ka tambayi mai neman aiki "yaushe ne auren?" Dokar ƙwadago, sashe na 54, ta ba mai ciki hutun mako 12, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida a wurin, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Haƙƙinta ne, ba kyautarka ba.

Kada ka mayar da injiniya mace mai tarbar baƙi. Jami'ar Maiduguri ta gama, kamar yadda abokin aikinta Modu ya gama. Rubuta bayanin taro da raba abinci a riƙa zagayawa da su. Haka kuma ka daina jera mata a gaba ranar da masu ba da tallafi za su ɗauki hoto, washegari su koma kujerar baya. Kowa na gani, su ma masu tallafin ba yara ba ne.

Kada a yanke shawarar aiki a majalisa bayan Magariba. Nan ne ake cutar mata ba tare da wani ya yi niyya ba. A teburin mai shayi ake raba wa zai je horo Abuja, alhali mace tun La'asar take neman keke zuwa Bulumkutu. Da aka tayar da turakun lantarki a hanyar Damaturu a Janairun 2021, gari ya yi watanni cikin duhu, aiki ya koma dare a duk inda ake da sola ko janareto. Maza suka je. Mace ina za ta? Sai a ce ba ta da ƙwazo. Ka ba ta data da batir ta yi a gida, ka auna ta da abin da ta miƙo.

Mai niƙabi da mai ɗankwali kaɗai, duk ba ruwanka. Wadda ba ta musabaha ma a bar ta.

Ka tsayar da harshen taro. In zance ya zame zuwa Kanuri, ko Hausa ta yi wa wani sauri, a fassara nan take. Wasan Barebari da Fulani tsoho ne, kowa ya san ƙa'idarsa. Kiran abokin aiki "ɗan gudun hijira" ba ya cikinsa.

Kada ka ce wa mai ƙorafi "ki yi haƙuri, a rufa asiri". Dokar hana cin zarafi ta 2015 ta fara aiki a Borno tun 2022. Ka naɗa mutum biyu masu karɓar ƙorafi, ɗaya mace, kuma kada ɗayan ya zama ƙaninka.

Kada mai riƙe da kalmar sirri ya leƙa abin da ba nasa ba. Lambar abokiyar aiki da ke cikin fayil ba ta kiran dare ba ce, hotunan da ke wayar da aka kawo gyara kuma amana ne. Dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kanka kai ma mai shago. Yaron da ka kama ya tura wa kansa hoton wata, ka karɓe makullin shagon a hannunsa ranar.