Yadda Ake Yin Ta'aliƙi a Kan Takarda da Allon Alƙalami

Tun zamanin da malamanmu suke kwafar littattafai da hannu, ba safai suke barin gefen shafi fili ba sai sun cika shi da hashiya, domin mai nazari na haƙiƙa, in ya ci karo da kuskure ko mas'ala mai wuyar fahimta, ba ya samun natsuwa sai ya sa mata alama. To, yanzu da takardu suka koma cikin kwamfuta, abin da ya mayar wa hannu da wannan haƙƙi nasa shi ne wani allo shafaffe mai tafe da alƙalaminsa, irin wanda kamfanin Wacom na Japan, da aka kafa a 1983, ya shahara da ƙerawa, kuma Huion da XP-Pen na ƙasar Sin suke yi da rangwamen farashi.

Da farko a jona allon da kwamfuta ta kafar USB, sa'an nan a sauko da manhajarsa, wadda ake kira direba, daga shafin kamfanin da ya ƙera shi, don in babu ita, sau da yawa alƙalamin ba ya rarrabe dannawa mai nauyi da mai sauƙi. A cikin manhajar nan ake daidaita faɗin allon da faɗin fuskar kwamfuta, in ba haka ba mutum ya zana da'ira ta fito masa kamar ƙwai. Ni dai a ganina, ɗaya daga maɓallan da ke jikin alƙalamin ya kamata a keɓe shi ga gogewa, tun da mai gyara ma yakan bukaci gyara.

Inda jarrabawar take shi ne wajen sabo, gama hannu yana rubutu a ƙasa, ido kuwa yana can sama yana duban inda tawada take fitowa, alhali tun muna yara ba mu taɓa raba su ba. Alƙalamin galibi ba shi da batir, kuma allon yana jin kusantowarsa tun yana sama da shi da kamar santimita guda, saboda haka sai a shawaga da shi tukuna, a ga ɗigon da ke yawo a fuskar kwamfuta ya sauka daidai kan kalmar da ake nufi, kana a dangwala. Kowace kusurwa ta allon tana da takwararta a fuskar, ba a jan alƙalamin ana ɗagawa yadda ake yi da linzamin kwamfuta. A kuma ajiye allon sosai a gaban kwamfutar, domin in ya karkace ko da kaɗan ne, layin da aka ja ƙarƙashin jumla sai ya gangara ya shiga ta ƙasa. Wannan sai haƙuri da maimaici, kada gajen haƙuri ya sa a jefa shi cikin akwati tun daren farko.

Bayan haka sai a kwafi takardar a adana asalinta, domin matani amana ne, a buɗe kwafin da manhaja irin su Xournal++, wadda kyauta ce, ko Adobe Acrobat Reader. A ƙara girman shafin kafin a fara rubutu, haruffa sun fi fita sarai. Jar tawada ta gyara ce, shuɗiya ta sharhi. Mai rubutun ajami ko Larabci shi ya fi kowa morewa, don yana sa wasali da shadda inda ya so, ba tare da laluben maɓallai ba.

In an kammala, a lura cewa Xournal++ tana ajiye aikin ne a wani fayil nata na dabam, sai an umarce ta ta fitar da shi a matsayin PDF kafin wani ya iya ganin ta'aliƙin. A buɗe wanda aka fitar a duba shi da ido kafin a aika wa mai takarda. Bakin alƙalamin kuma yana cinyewa da yawan aiki, in ya faɗaɗa a zare shi a sa sabo daga cikin waɗanda ake haɗowa da su, tun bai kai ga karce allon ba.