"Likita, Hidda Mini Shi In Huta": Tsoron Gyaran Jijiyar Haƙori a Ƙasar Arewa

"Likita, hidda mini shi in huta." Da wannan magana yawancin masu ciwon haƙori ke buɗe baki idan sun zauna gaban ma'aikacin haƙori a ƙasar Arewa, ko daga cikin garin Dogondutsi suka fito, ko daga Matankari da Dankasari, ko daga Geceme da Kore Mairuwa can ɓangaren Tibiri. Mutum ya shigo hannu dafe da kunci, ido ja wur don rashin barci, ya riga ya yanke hukunci tun daga gida. Idan aka ce masa haƙorin nan zai iya tsira, a share jijiyar da ta ruɓe a cike gurbinta, sai ka ga ya ja da baya cikin kujera. Ya ji labarai. Wani ya gaya masa akwai allurar da ake zurawa har cikin ƙashi, wata ta ce ƙawarta ta kwana uku ba ta sa komai a baka ba, wani kuma ya rantse cewa idan aka taɓa jijiyar haƙorin sama, ido ne ke tafiya.

Mai wannan rubutu gyaran haƙori ne sana'arsa, kuma abin da yake gani a bakin aiki ya sa shi ɗaukar alƙalami. Zafin da mutane ke jinginawa ga aikin jijiya, yawancinsa zafin cutar ne da aka bari ta yi nisa. Aikin kansa shi ne ke kawar da shi.

Haƙori ba ƙashi ne tsantsa ba. Ƙarƙashin farin ɓawonsa mai tauri akwai wani ɓangare mai ɗan laushi, sannan a can tsakiya akwai ɗan ɗaki da ke ɗauke da tsoka mai rai, da jijiyoyin jini da na jin zafi, waɗanda ke gangarawa ta siraran hanyoyi har ƙarshen saiwa. Haƙorin gaba yawanci hanya ɗaya gare shi, turmi kuwa uku ko huɗu. Idan sukari ya daɗe yana kwana a baki, na shayin majalisa da ake sha zagaye uku ne ko na alewar yara, ƙwayoyin cuta kan mayar da shi tsami mai cin haƙori sannu a hankali, har ramin ya isa ɗakin nan. Tsokar ta kumbura, alhali bango mai tauri ya kewaye ta ko ta ina, kamar wake da aka jiƙa cikin kwalba aka toshe bakinta. Daga nan zogin ke fitowa, mai bugawa tare da bugun zuciya, mai tsananta da dare idan mutum ya kwanta jini ya ƙaru a kai. Wanda ya taɓa kwana da shi ba ya bukatar a yi masa bayani.

Kafin a kai nan, haƙori kan yi gargaɗi. Ruwan randa mai sanyi ya taɓa shi, ya yi tsam na ɗan lokaci ya lafa. A wannan mataki ciko kawai ake yi, a zama ɗaya, ba a ma kusanci jijiya ba. Amma wa zai bar gonarsa ya biya kuɗin mota don haƙorin da ke tsami kawai? Sai zafin ya fara daɗewa bayan an sha abu mai zafi ko sanyi, ya fara tasowa haka kawai, sannan a shiga neman magani.

Abin da ake sawa a bakin kafin a iso asibiti yana da yawa, kuma ba duka ne shirme ba. Kanumfari yana da man da ke dusashe zafi da gaske, har ma likitocin haƙori suna amfani da sinadarin da ake samu daga gare shi cikin wasu kayan ciko. Kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri ba ya cutarwa. Amma marubucin ya sha buɗe baki ya tarar da dasashi ya yi fari fat ya saluɓe, saboda an danna ƙwayar asfirin a jikinsa an kwana da ita. Ya ga wanda ya cusa kanwa, ya ga wanda ya ɗiga ruwan batir a ramin, naman kunci ya ƙone ciwo ya zama biyu. Ga tiramol da kafso na masu tallan magani a kasuwa, ana sha ba ƙa'ida. Ga kuma masu turara hayaƙi su nuna wa mutum ƴan fararen abubuwa cikin ruwa su ce tsutsar haƙorinsa ce ta fito. Babu tsutsa cikin haƙori. Wanda ya biya kuɗin fitar da ita ba wauta ta kai shi ba, azaba ce da nisan likita.

Sai wata rana ciwon ya ɗauke ɗif. A nan ne aka fi yin asara, domin mutum zai ɗauka maganin ƙarshe da ya gwada ne ya yi aiki. Abin da ya faru shi ne tsokar ta mutu. Ƙwayoyin cuta suna nan cikin ɗakin suna hayayyafa, kuma tunda jini ya daina shiga wurin, maganin da aka haɗiya ba shi da hanyar isa gare su. Shi ya sa kafso kan saukar da kumburi na ƴan makonni, sannan ya dawo. Daga ƙarshen saiwa ruɓar ke tsallakawa cikin ƙashi, ta tara mugunya.

To, me ake yi a kujerar nan da ake tsoro?

Da farko a ɗauki hoton haƙorin a ga tsawon saiwa da lanƙwasarta. Sai allurar kashe zafi, wadda ita ce abin da mutane suka fi fargaba, alhali tsininta bai kai na allurar da ake yi wa mai zazzaɓi kauri ba. Idan an zuba maganin a hankali, abin da ake ji tsikari ne da ɗan nauyi. Bayan ƴan mintoci leɓe ya yi nauyi, rabin harshe ya mutu idan turmin ƙasa ne. Wannan dabara ta toshe jijiyar muƙamuƙi tsohuwa ce, tun 1884 likita William Halsted ya gwada ta a birnin New York. A 1905 Bajamushe Alfred Einhorn ya samar da nobokayin, sannan a 1943 Nils Löfgren na ƙasar Suwidin ya haɗa lidokayin, wadda har yau ake amfani da ita a ɗakunan haƙori na duniya. Idan wurin ya mutu, sai a buɗe ƙaramar ƙofa a saman haƙorin, a bi kowace hanya da wasu siraran ƙarafa masu murɗaɗɗen jiki, ana sharewa ana wankewa. Ruwan wankin dangin ruwan Dakin ne da kowa ya sani ana wanke miki da shi a gidan likita. A busar da hanyoyin, a cike su da wani ɗanko da ake samu daga itatuwan yankin Malesiya, a rufe. Abin da mai jinya ke ji a duk tsawon wannan shi ne girgizar inji, ƙararsa, da gajiyar buɗe baki.

Gaskiya kuma ba ta cika ba idan aka ce babu inda zafi ke ɓullowa. Turmin ƙasa da ke kan ganiyar zogi yana da wuyar mutuwa, allurar farko ba koyaushe take isarsa ba. Leɓe zai yi nauyi, amma da inji ya kusanci jijiya sai mutum ya zabura. Wannan sanannen abu ne a aikin, kuma maganinsa a tsaya a ƙara allura ta wata hanya, kusa da saiwar haƙorin. Galibin labaran ban tsoro da ke yawo a majalisu daga irin wannan suka samo asali, inda aka ce wa mutum ya daure aka ci gaba. Marubucin yana ganin wannan kuskure ne babba daga ɓangaren masu aikin, kuma mai jinya yana da haƙƙin ya ce a dakata. Haka nan maganin allurar yakan zo da ɗan sinadarin da ke sa zuciya bugawa da sauri na ƴan mintoci. Wanda ba a gaya masa ba zai ɗauka ajali ne ya zo, wanda aka gaya wa kuwa zai jira ya wuce.

Bayan an gama, haƙorin kan yi tsami idan an tauna a kansa kwana biyu ko uku. A 2011 masu bincike biyu, Pak da White, sun tattara nazarce-nazarce masu yawa a mujallar Journal of Endodontics, suka samu cewa kashi 81 cikin ɗari na masu jinya suna cikin ciwo kafin a fara aikin, bayan kwana ɗaya suka ragu zuwa kashi 40, bayan mako ɗaya kashi 11. Farasitamol da ibuprofen kan wadatar, sai dai mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mace mai juna biyu kada su sha na biyun sai likita ya ce.

Wani dattijo manomi daga wajen Kiyeshe ya taɓa zama a kujerar marubucin, ya riƙe hannayenta gam har jijiyoyin hannunsa suka tashi. Ya yi noma shekara da shekaru, kunama ta harbe shi ba sau ɗaya ba, amma ga shi gumi na keto masa. Aka ajiye kayan aiki. "Baba, ba zan fara komai ba sai kun ce in fara. In kuka ji wani abu, ku ɗaga hannun hagu, zan tsaya nan take." Ya dubi mai maganar ya ce, "Yaro, ka tsaya hwa?" Aka ce masa za a tsaya. Ba a daɗe da farawa ba ya ɗaga hannu, aka tsaya, aka tambaye shi ko zafi ne. Ya ce a'a, gwadawa ya yi. Daga nan ya saki kujerar, har aka gama bai sake ɗagawa ba. Mutumin da aka kwantar rigingine, baki buɗe, ba ya iya magana kuma ba ya ganin abin da ake yi masa, dole ya tsorata, kuma idan aka mayar masa da ikon tsayar da aikin, rabin fargabar kan tafi. Ya kamata kuma a zo an ci abinci, domin yunwa da tsoro idan sun haɗu su ke kawo jiri da suma.

Maganar ido ba ta da tushe: jijiyar gani daban take, aikin haƙorin sama ba ya taɓa ta. Abin da ke iya kai wa ido illa shi ne ruɓar da aka bari ta haura. Mai ciki ma ana yi mata allurar kashe zafi a yi mata aiki, barin mugunya a bakinta ya fi haɗari. Mai hawan jini, mai ciwon sukari da mai sikila, abin da ake so shi ne su faɗa tun kafin a fara.

Akwai matsalar da ta fi tsoro girma a wannan yanki, ita ce nisa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce mutane kusan biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki, kuma a yankin Afirka likitocin haƙori ba su wuce uku da ɗoriya ga kowane mutum 100,000 ba, su ma yawancinsu a manyan birane. Aikin jijiya yana bukatar kujera, na'urar hoto, wutar lantarki da tsabtatattun kayan aiki, don haka mutumin Sukukutan ko Dumega sau da yawa sai ya bi babbar hanya zuwa Doso ko Yamai, mai nisan kilomita fiye da 270 daga Dogondutsi, ko ya tsallaka iyaka zuwa Birnin Kabi ko Sakkwato. Kuma aikin kan ɗauki zama biyu, wani lokaci uku. A zaman farko an cire tushen ciwon an sa cikon wucin gadi, mutum ya yi barci a karon farko cikin makonni. Sai damina ta sauka, ga shukar hatsi da wake, ga noman farko, ranar komawa ta wuce. Cikon wucin gadi ba a yi shi don ya daɗe ba, yana narkewa, yawu ya shiga, ruɓa ta dawo, ko haƙorin ya dare biyu a kan ƙashin nama. Kuɗi sun tafi, haƙori ya tafi, labarin cewa aikin jijiya ba ya ci ya ƙaru. Alhali wanda aka kammala, aka yi masa ciko na dindindin ko aka sa masa hula, kusan tara cikin goma suna daɗewa shekaru suna aiki.

Saboda haka marubucin yakan tambayi mutum tun farko ko zai iya dawowa. Wanda ya san ba zai iya ba, ko wanda haƙorinsa ya ruɓe har ƙasan dasashi ko saiwarsa ta tsage, cirewa ita ce daidai a gare shi, kuma babu abin kunya a ciki. Inda yake nacewa shi ne haƙoran gaba na matasa, da turmin farko da ke fitowa yaro yana wajen shekara 6. Iyaye da yawa suna ɗaukarsa haƙorin nono ne da zai fita wani ya maye gurbinsa, su bar shi ya ruɓe. Wannan turmi ba ya sake fitowa.

Akwai kuma halin da ba a jiran gari ya waye. Idan kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa ya yi tauri, harshe ya ɗago, haɗiyar yawu ta gagara, baki ya ƙi buɗewa ko numfashi ya fara wuya, wannan ita ce cutar da likita Wilhelm von Ludwig ya bayyana a 1836, kuma tana iya toshe maƙogwaro cikin sa'o'i. Haka idan kumburin haƙorin sama ya rufe ido tare da zazzaɓi. Irin wannan mai jinya, a ɗauke shi a daren zuwa gidan likita mafi kusa don a tura shi babban asibiti, kada a tsaya gasa wurin da ruwan zafi ko a kira wanzami ya tsaga.