Daddawa: yadda za ki zaɓi ta kirki, ki ajiye ta har wata bazarar

Shekara da shekaru ina sayen daddawa a kasuwanninmu, daga nan Tsauni zuwa Matameye da Kance, kuma sai da na sha asara kafin in gane kanta. Wata shekarar kusan rabin tiya ta yi mini fumfuna cikin marka, da hannuna na zubar. A yankin Bordeaux na Faransa, masu giyar inabi kan ajiye kwalabe shekara 10 ko fiye a wuri mai sanyi da duhu don ɗanɗano ya zauna. Mu ba ruwanmu da giya, amma muna da namu abin da ajiya ke ƙara wa daɗi, kuma ba ya cin kuɗi. Uwargida, ga abin da na gwada ya yi mini.

1. Fara sanin wace iri ce a hannunki.
Daddawar kalwa daga ƙwayar ɗorawa ake yin ta, ita ce Yarbawa ke kira iru, mutanen Mali da Burkina Faso su ce sumbala. Daddawar batso kuwa daga gurguzu take, wato ƴaƴan yakuwa, kuma da ita muka fi sabawa a nan ƙasar Damagaram saboda ɗorawa ta fi yawa can kudu. Akwai kuma ta waken suya, ba laifi a miya, amma tambayi mai tallar kai tsaye don kada ki biya kuɗin kalwa ki tafi gida da wake.

2. Sayi ta ajiya lokacin da rana ke da ƙarfi.
Ɗorawa da bazara take nuna, wajen Maris zuwa Mayu, lokacin ne kalwa ke sabuwa kuma rana ke busar da daddawa har ciki. Gurguzu kuma bayan kaka yake yawa, don haka ta batso da hunturu ake kama ta. Wadda aka yi da damina saye ta don miyar mako ɗaya kawai.

3. Sa hanci kafin ido.
Ana dafa kalwa kusan yini da dare, a surfe ta, a wanke, a sake dafawa, sannan a rufe ta kwana 2 zuwa 3 ta ruɓa, kuma wannan ruɓar ce ke haifar da ƙamshin da muke nema. Saboda haka ƙarfin wari ba aibi ba ne, sabuwa ma har hanci takan ɗan soka. Abin gudu shi ne warin tsami ko na ɗakin da ya sha ruwa ya daɗe a rufe. In kin ji shi, mayar wa mai ita kayanta cikin mutunci ki wuce gaba.

4. Ɓantara ki duba cikinta.
Baya yana iya bushewa ƙamas ciki kuma da laima, shi ya sa nake sayen ɗaya tak in karya a gaban mai tallar. Ta kirki launinta ɗaya ne ciki da waje, baƙi-baƙi mai ɗan ja, ba ta da farin gashi, ba ta da ramukan ƙwaro. Ɗan taɓa a harshe kuma ki tauna, domin wasu da yashi ko toka suke surfen kalwa, in wanki bai yi ba sai haƙori ya gamu da tsakuwa.

5. Gwada da ruwan zafi a gida.
Wannan ita ce dabarar da na fi so, kuma ita ta sa na tsaya ga mace ɗaya da nake saye wurinta. Ki sayi kaɗan daga mutum biyu ko uku, ki daka kowace daban, ki zuba a kofi da ruwan zafi daidai wa daida, ba gishiri ba barkono, ki bari ya ɗan huce sannan ki kurɓa ɗaya bayan ɗaya kina kurkure baki a tsakani. Mai kyau za ki ji ta cika baki kamar romon nama, daɗin ya jima a maƙogwaro. Mara kyau ɗaci take bari ko kaifin kanwa, kuma in kin tsiyaye ruwan sai ki ga yashi kwance a gindin kofi.

6. Sake shanya ta ko da an ce ta bushe.
Baza ta a faifai kwana 2 ko 3, ki rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura. Ki kwashe kafin magariba, kuma ki bari ta huce sarai kafin ki rufe, don mai ɗumi gumi take yi a cikin mazubi.

7. Raba ta da leda.
Leda ce ta cuce ni a shekarar da na faɗa miki. Nemi kwalba mai murfi ko tukunyar ƙasa da ba ta taɓa riƙe ruwa ba, ki barbaɗa ɗan gishiri da busasshen barkono a ƙasa, ki jera daddawar, ki rufe bakin sosai. Ɗora ta bisa wani abu a lungu mai duhu, nesa da randa, nesa da murhu, kuma nesa da sabulu da turare, domin tana ɗaukar ƙamshin maƙwabcinta.

8. Kasa ta biyu.
Ƙaramin gwangwani na girkin yau da gobe, babban mazubi na ajiya wanda ba a buɗewa sai an zo cika ƙaramin. Gaya wa yaran gida kada a sa jiƙaƙƙen hannu ko ludayin miya a ciki.

9. Kada ki manta da ita cikin marka.
Daga Yuli zuwa Satumba, musamman Agusta, iska kanta jiƙe take, nan ne ake yawan asara. Leƙa ta sau ɗaya a mako, ranar da rana ta fito ki ba ta awa 2 ko 3 a faifai. Wadda ta yi fumfuna kore ko baƙi zubar da ita ba tare da jin ciwo ba, kankarewa ba ya fitar da abin da ya riga ya shiga ciki, kuma lafiyar yara ta fi ƴan daloli.

10. Tsohuwa kaɗan ake sawa.
In ta yi wata 6 zuwa shekara a bushe, za ki ga ta ƙara duhu, kaifin warin ya kwanta, ƙamshin ya yi nauyi. Rabin abin da kika saba sawa ya isa miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, kuma ki daka ta da albasa da barkono ki zuba tun ruwan miya bai tafasa ba don ta narke. Ni da tsohuwar nake yin yajin daddawa, kuma ranar da na sa ta a miya sinadarin dunƙule ɗaya nake jefawa maimakon uku, in ɗanɗana tukuna kafin in ƙara gishiri.