Ɗanɗanon Japan a Landan

In zama ya kai ka Landan, ba sai ka yanki tikitin Tokiyo ba kafin ka ɗanɗani Japan. Fara da Japan House da ke Kensington High Street, wanda aka buɗe a 2018. Kallon baje kolinsu kyauta ne. Daga nan 'yar tafiyar ƙafa ce zuwa lambun Kyoto a Holland Park. Ka yi sammako kafin jama'a su cika, ka zauna bakin tafki kana kallon kifayen koi.

Abinci ne ke son lura. Taliyar ramen da ake kira tonkotsu da romon ƙashin alade ake yin ta, ka kauce mata. Mirin kuma giyar shinkafa ce mai zaƙi, ana zuba ta a miyar teriyaki, wani lokaci har a shinkafar sushi, don haka ka tambaya tun ba a kawo maka ba. Ni dai na fi son gasasshen kifi da gishiri kawai, da farar shinkafa, in kora da shayin matcha. Wasabi kuwa kada ka dangwale shi kamar yajin tsire. Ɗan mitsitsi ya isa, ta hanci yake hawa.