Ajiyar Bama a Lokacin Zafi: Darasi ga Masu Kantuna da Masu Shayi a Kwamba

A unguwar Kwamba da ke Suleja, kamar sauran garuruwan da ke makwabtaka da Abuja, mayonis, wanda jama'a suka fi sani da bama saboda sunan samfurin Bama, ya zama kayan sana'a. Mai shayi na shafa shi a burodi, mai abinci na zuba shi a salak. Sai dai kaɗan ne ke lissafin asarar da rashin iya ajiyarsa ke jawowa.

Da man girki da ƙwanduwar ƙwai da ruwan khal ake haɗa shi. A Amurka, doka ta ce man kada ya gaza kashi 65 cikin 100. Tsamin ruwan khal ɗin ne ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, kuma masana'antu kan gasa ƙwan da zafi kafin su yi amfani da shi. Saboda haka kwalbar da ba a buɗe ba za ta iya zama a kanta har zuwa ranar da aka buga a jikinta, muddin ba a jera ta inda rana ke duka ba. Kafin a sari kaya, a duba wannan rana tare da lambar rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, sa'an nan a riƙa sayar da tsohon kaya kafin sabo.

Da zarar an buɗe kwalba, hukunci ya sauya. Wurinta firiji, a sanyin da bai wuce digiri 4 ba, kuma a ƙarar da ita cikin wata 2. Kada a sa ta inda ake yin ƙanƙara, domin man zai rabu ya taso sama.

Babban haɗarin yana wajen haɗi. Idan aka cakuɗa bama da kabeji ko dankali ko dafaffen ƙwai, tsaminsa na raguwa, ƙwayoyin cuta su sami wurin hayayyafa. Irin wannan salak bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba, awa 1 kacal idan zafi ya haura digiri 32, abin da aka saba gani a Suleja a watannin Maris da Afrilu. Haka nan cokalin da ya taɓa abinci ya koma kwalba yana shigar da ƙazanta. Na haɗin gida da ɗanyen ƙwai kuwa, akwai barazanar Salmonela a cikinsa, bai dace da sayarwa ba.

A nan ne lissafi ya shigo. Babbar kwalba ta fi araha, amma fa ga mai wuta tsayayya. Idan kashi 1 cikin 4 ya lalace saboda ɗauke wuta, kuɗin abin da aka mora ya ƙaru da kashi 1 cikin 3, rangwamen ya tafi ke nan. A ganina, mai shayin da ba shi da firiji gara ya sayi ƙananan ledoji da zai ƙarar a dare guda, ko da ribarsa a kan kowane burodi ta ɗan ragu.