DARASIN WANNAN WATA: Dodon Koɗi Ba Iri Ɗaya Ba Ne

Darasinmu na wannan wata a kan dodon koɗi ne. Wani zai ce, me za a koya a kan wannan ɗan abu da ke jan ciki? To, a yi haƙuri a karanta. A cikin danginsa akwai wanda ba ya cutar kowa. Akwai mai jawo wa yaro fitsarin jini. Akwai kuma mai lalata hantar saniya. Wanda ya iya bambanta su, ya san ruwan da zai hana ɗansa shiga.

Za mu yi misali da ƙasar Kurawa, cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Birni, da maƙwabciyarta Isa. Ƙasa ce mai tudu da fadama. Gulbin Bunsuru da na Gagare suna haɗuwa su zama Gulbin Rima. Gulbin Maraɗi kuma ya gangaro daga Nijar ya faɗa cikinsa. Da damina ruwa yakan malala fadamu, ya bar tafkuna da kududdufai. Da rani yawancinsu su ƙafe. Kowane irin wuri yana da irin dodon koɗin da ke zama cikinsa.

A lura, dodon koɗi shi ne mai ran. Katantanwa ita ce ɗakin da yake ɗauke da shi a baya.

NA TUDU

Wannan kowa ya san shi. Shi ne mai doguwar katantanwa mai tsini, wani da zane-zane ja-ja a jiki. Ita yara ke fasa wa baki su yi wasan juyi da ita a dandali. A littafi ana kiransa Limikolariya. Yakan fito bayan an yi ruwa, da dare ko da sassafe, a gindin itace ko cikin yayi. Ƙahoninsa huɗu ne. Idanunsa suna can bisa kan dogayen biyun. Harshensa kamar magagari yake, da shi yake kankarar ganye. Yakan taɓa shukar lambu, amma ba ruwansa da tsargiya.

Ina yake shiga da rani? Yakan nutse cikin ƙasa, ya toshe bakin katantanwarsa da yauƙin jikinsa. Yauƙin ya bushe ya zama kamar takarda. Haka zai kwanta wata da watanni, ba ci ba sha, sai ruwan fari ya tashe shi.

Yana da babban ɗan'uwa a kurmin kudancin Nijeriya, wanda ya kai dunƙulen hannun babban mutum. Mutanen can suna cin sa, har kiwonsa suke yi su sayar. Ba ya iya zama a ƙasar Gobir, don fari ya yi masa yawa.

MANYAN NA RUWA MASU MARFI

In ka bi bakin tafkin da ya ja baya, za ka ga manyan katantanwa masu kumburi kamar ƙwan agwagwa, wasu ma sun fi haka. Waɗannan su ne Pila da ɗan'uwansa Lanistes. Alamarsu ita ce marfi. Suna da wani ɗan faifai mai tauri manne a jiki. In suka ji motsi sai su shige ciki su rufe ƙofa da shi. Da shi kuma suke rufe kansu cikin laka har rani ya wuce. Akwai wani ƙarami mai marfi, siriri mai tsini kamar ƙusa, da ke kwance cikin yashin gulbi.

Mutane sun fi ƙyamar waɗannan manya saboda girmansu. Amma a ƙasarmu, masu marfi ba su ne ke ɗaukar tsargiya ba. Abin tsoro ƙarami ne, har ba a cika kula da shi ba.

ƘANANA UKU DA ZA A SANI

Ga yadda ake dubawa. Ka ɗauki busasshiyar katantanwa. Ka sa tsininta ya dubi sama, bakinta ya dube ka. To, duba: bakin yana hannunka na dama ko na hagu? Yawancin katantanwa bakinsu a dama yake.

Na farko shi ne mai baki a hagu. Sunansa a littafi Bulinus. Girmansa kamar ƙwayar wake ko ta masara, ba shi da marfi. Shi ne mai ɗaukar tsargiya ta fitsari. Yana son ruwa mai kwanciya. Yakan manne a bayan ganyen bado, ko jikin kara da itacen da suka faɗa ruwa. Kada a rikita shi da Lanistes. Shi ma bakinsa a hagu yake, amma babba ne, kuma yana da marfi.

Bulinus kansa iri-iri ne. Akwai wani siriri daga cikinsu da ya ƙware da zaman kududdufin damina. In ruwa ya ƙafe sai ya shige laka, ya yi wata 6 ko fiye yana jira. Ruwa na sauka sai ya farka. Kuma kowane ɗaya namiji ne, mace ce. Ko guda ɗaya ya tsira, zai iya zuba ƙwai ya cika kududdufi da 'ya'ya cikin 'yan makonni. Saboda haka kada wani ya ce, ai wannan ramin bara ya bushe ƙurmus, babu kome ciki. Haka ma ramin da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini a bakin gari, inda yara suka fi yin kurme.

Na biyu shi ne mai kama da gammo. Katantanwarsa a naɗe take, a baje kamar maɓallin riga. Sunansa Biyomfalariya. Yana ɗaukar tsargiya ta hanji, mai sa kashin jini da kumburin ciki. Ba ya jure zafi da fari sosai. An fi samun sa inda ruwa ke zama shekara, kamar madatsar ruwa da hanyoyin ban-ruwa.

Na uku shi ne mai faɗin baki. Bakinsa a dama yake, katantanwarsa ba kauri, ko da yatsa ka danna sai ta fashe. Sunansa Limniya. Wannan na makiyaya ne, za mu komo kansa.

YADDA TSARGIYA KE ZAGAYAWA

Wasu suna cewa zafin rana ke kawo fitsarin jini. Wasu ma suna ɗaukarsa alamar yaro ya fara girma. Ba haka ba ne. Tsutsa ce ke zama cikin jijiyoyin jini na mafitsara. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya fara ganin ta a Alƙahira ta ƙasar Masar a 1851. A 1915 kuma wani masani daga Birtaniya, Robert Leiper, ya nuna a can Masar cewa ta cikin dodon koɗi take biyowa.

Ga yadda abin yake. Mai tsargiya ya yi fitsari cikin tafki. Cikin fitsarin akwai ƙwan tsutsa. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, ɗan ya yi ta iyo yana neman mai baki a hagu. In bai same shi ba cikin yini guda, sai ya mutu. In ya shiga Pila ko wani daban, ba zai yi rai ba. In kuwa ya sami Bulinus, sai ya zauna cikinsa mako 4 zuwa 6 yana hayayyafa. Daga nan 'yan tsutsotsi su riƙa fitowa ɗari-ɗari kowace rana. Ido ba ya ganin su sosai. Sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke gudu su faɗa ruwa.

Ba sai an sha ruwan ba. Ta fata suke shiga. Mai wanka, da mai wanki, da masunci, da mai dashen shinkafa, duk ɗaya ne. Bayan wata 2 ko 3 sai jini ya fara biyo ƙarshen fitsari. Tsutsar tana iya yin shekaru a jiki. Yaro ya rame, jininsa ya ragu, karatu ya gagare shi. In an bar ta ta daɗe, tana lalata mafitsara da ƙoda. Ga mata kuma tana taɓa mahaifa, har ta kawo wahalar haihuwa. Sau da yawa mace takan ɓoye don kunya. Ya kamata maigida ya sani, wannan ciwon ruwa ne.

A duba da kyau, dodon koɗi ba a haife shi da cutar ba. Mutum ne ya ba shi, shi kuma ya mayar wa mutum ninkin-ba-ninkin. Garin da kowa ke tsuguno a masai, nesa da ruwa, ko tafkinsa ya cika da Bulinus ba za su sami abin ɗauka ba.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum fiye da miliyan 250 ke bukatar maganin tsargiya, mafi yawansu a Afirka.

MADATSAR RUWA

An gama madatsar Bakolori a 1978, ta Goronyo kuma a kan Gulbin Rima a 1984. Amfaninsu ga noman rani ba ya ɓoyuwa. Sai dai ruwan da ba ya ƙafewa daɗi yake yi wa ƙananan nan uku. A ƙasar Senegal an gama madatsar Diyama a 1986. Shekara 2 bayan haka tsargiyar hanji ta ɓarke a garin Rishar Tol, inda da ba a san ta ba. Don haka mai zuwa ƙwadago ko su a wuraren ban-ruwa, ya sa takalmin roba mai tsawo in da hali. A riƙa kuma share ciyawar hanyar ruwa, don a nan suke laɓewa.

NA MAKIYAYA

Mu koma kan mai faɗin baki. Shi ke ɗaukar tsutsar ciwon hanta. Wannan ba ta fata take shiga ba. In ta fito daga dodon koɗi sai ta manne a ciyawar bakin ruwa. Saniya ko tunkiya ta ci. Da rani dabbobi sukan taru a ɗan ruwan da ya saura a fadama, a nan suka fi kamuwa. Dabba ta rame, nono ya ragu, ƙarƙashin haɓa ya kumbura. Mahauta sun san ta sarai. In sun yanka hanta sukan ga wasu abubuwa masu faɗi kamar ganye suna motsi. Akwai magani wurin malaman dabbobi. Shayarwa a rijiya ta fi shayarwa a tafkin da ya daɗe kwance.

ABIN YI

Wanda ya ga jini a fitsarinsa ko na ɗansa, ya tafi asibiti. Sunan maganin a jikin kwali Praziquantel. Ana auna shi da nauyin mutum ko tsawonsa, kuma ana shan sa bayan an ci abinci. In ma'aikatan lafiya sun zo rabawa a makarantar boko ko ta allo, a bar yara su sha. Amma a sani, magani yana kashe tsutsar da ke jiki ne kawai. Wanda ya koma tafkin nan zai sake ɗauka.

In babu rijiya ko famfo, a ɗebo ruwan tafki a ajiye cikin randa kwana 2 cur kafin a yi wanka da shi. 'Yan tsutsotsin ba su wuce haka da rai. Ruwan sha kuwa a tafasa shi.

Ga aikin aji. In kududdufin garinku ya bushe, malami ya tafi da ɗalibai su tsinto busassun katantanwa daga cikin laka. Kada kowa ya sa hannu cikin ruwa. A zube su kan faifai, a ware manya masu marfi, da masu gammo, da masu baki a dama, da ƙanana masu baki a hagu. Kowa ya ƙirga ya rubuta a littafinsa, tare da sunan wurin da aka samo su. In an sami masu baki a hagu, a kai takardar ga mai gari da malamin asibiti mafi kusa, kafin ruwan fari ya sauka.